Tagogin Inna Soazig

Shekara arba'in da ɗaya Inna Soazig ba ta rufe ƙyauren tagoginta ba, kuma ni ce na rufe mata su da hannuna. Zan faɗi yadda aka yi, ba don in wanke kaina ba, don na riga na gwada, abin bai wanku ba.

Sunana Rozenn. Gidana yana jikin nata, a layin da ya gangara bakin teku a ƙauyenmu Porz-Ilis. Tun da idanunta suka mutu ni nake shiga kullum da safe in dafa mata kofi, in karanta mata sunayen waɗanda suka rasu a jarida, tana cewa ai wane ya daɗe yana yi wa mutane alkawarin mutuwa. Shekarunta tamanin da tara. Ɗa ɗaya gare ta, Goulven, kuma shi take jira.

Ina da shekara goma sha bakwai jirgin kamun kifin mijinta Alan ya daki duwatsun bakin mashiga cikin hazon safiya. Mutum huɗu ne a ciki. Alan ya tafi, babana Jakez ya tafi, Per Salaun ya tafi. Goulven kaɗai teku ya dawo mana da shi, igiya ta cire masa yatsu biyu a hannun hagu. Shi ke riƙe da sitiyari a ranar. Hukuma ta yi bincike ta ce ba shi da laifi, amma garin bai ce haka ba.

A wurinmu idan za a wuce da gawa, kowane gida yana rufe ƙyauren tagoginsa har a wuce. An rufe wa mutum ukun nan ranar jana'izarsu, ko da yake babu gawa, an buɗe. Daga nan sai aka shiga rufe wa Goulven. Ba wanda ya zage shi, ba wanda ya ɗaga masa hannu, mu ba ma irin wannan. Yana dai sako ƙafa a layi sai ka ji ƙaf, ƙaf, ƙaf, gida bayan gida har ya wuce. Uwata ce ta fara. Ita ta ja na dama, ni in ja na hagu.

Ranar da ya dawo daga zaman bincike na ƙarshe, uwarsa tana tsaye a taga, ta yi kwana uku ba ta sa komai a baki ba. Ta hango shi yana hawowa da takardar wanke shi a hannu, sai ta ja ƙyauren. Ta ce har yau ba ta san abin da ya hau kanta ba. Kafin a ƙirga goma ta sake turawa ta buɗe, amma ya riga ya juya. Motar tsakar rana ya bi. Bayan shekara biyu kati ya zo daga Kanada, babu adireshi, an rubuta yana lafiya. Shi ke nan.

Tun daga ranar tagoginta suke buɗe, ƙyauren a ɗaure jikin bango da waya. Iska ta fasa mata gilashi sau uku, ta sa aka sake, ba ta rufe ba. Ta sha gaya mini, ina wanke kofi ina yi kamar ban ji ba:

"Alan ne ya ce a bi ta tsakanin duwatsu. Ko ban shiga jirgin ba na sani. Shekara ashirin da takwas ina tare da mutumin nan, bai taɓa zagaye ba in akwai yanke. Abin da zan gaya wa yaron ke nan, sannan in kwanta in huta."

To, sai manyan jiragen 'yan yawon buɗe ido suka gano mu. Jirgi ya tsaya a Brest da safe, a zuba mutane a bas, a kawo su ganin tsofaffin ƙauyukan gaɓa na rabin yini. Mu minti arba'in da biyar aka yanka mana, Talata da Juma'a. Bas huɗu daga cikin nasu ke zuwa mana, kowa da takarda mai lambar bas ɗinsa manne a ƙirji, gabansu wata da lema a ɗage ko ana rana. Ba su sayen komai, sun ci sun ƙoshi a jirgi. Sai dai su tsinke furen ƙofar gida, su zauna a kan kabari su gyara takalmi, su leƙa ka kana aske gemu.

Gidan Inna Soazig ya fi kowane shan wahala. Shi ne mai shuɗiyar ƙofa da ake bugawa a katunan tsaraba, ga tagogi a buɗe kamar ana gayyata. Wata Juma'a na shiga na tarar wata mata ta zuro kai da kafaɗa ta taga, tana ɗaukar hoton tsohuwar tana shan miya, miyar na zuba a haɓarta. Inna ba ta gani, sai ta ɗaga kai ta ce, "Wane ne?" Matar ta ƙara ɗauka. Ban san lokacin da na ɗauki tsintsiya ba.

Ni na tsaya a taron gari na ce mu rufe musu tagogi. Su zo su tarar da gari shiru, ba fuska ɗaya, ba ƙofa ɗaya a buɗe, mu ga abin da za su ɗauka. Magajin gari, Abgrall, ya yi ta murza gilashinsa yana cewa a bi a hankali. Denez mai gidan kofi ya ce, "Ranka ya daɗe, shekara shida kana bi a hankali, har yanzu ba ka iso ba." Aka kwashe da dariya, aka ɗaga hannu. Ba wanda ya tambaye ni inda na samo dabarar, don duk wanda ya haura hamsin a ɗakin ya sani.

Saura gida ɗaya. In gidan shuɗiyar ƙofa ya zauna a buɗe, duk aikin banza ne, can za su taru.

"Minti arba'in da biyar ne kawai, Inna," na ce mata.

"Ni nawa ko minti ɗaya bai kai ba, 'yar nan."

"Haba Inna. Domin ke fa ake yi. Ke aka mayar abin kallo."

"Su kalla mana. Me ya rage a jikina da kallo zai rage?"

Na yi fushi, kuma in na yi fushi bakina ba shi da linzami. Na lissafa mata Denez da ke aiko mata da kifi, da matar Abgrall da ke yi mata wanki, na ce gari bai taɓa roƙonta komai ba sai yau. Ban sa sunana a ciki ba, amma ta ji shi. Ta shiga shafa bakin teburi. Da na ga na yi nauyin hannu sai na juya abin wasa.

"Tsakani da Allah, Inna, shekara arba'in da ɗaya bai zo ba, sai ranar Talata da ƙarfe goma zai zo? A bas? Da lamba a ƙirji kamar ɗan maraƙi a kasuwa?"

Ta yi dariya har da tari. "Goulven a bas! Yaron da motar makaranta ke sa shi amai, amma ya kwana uku a teku lafiya lau." Ta share ido. "To. Amma ke za ki rufe, ni hannuna ba zai taɓa ba. Kuma motarsu na tashi ki buɗe."

Ranar Talata na zo da filaya da kwalbar man girki. Wayar ta ci cikin katako, ƙarafan sun yi tsatsa, bayan ƙyauren duk gizo-gizo da busassun ganyen shekaru. Na yi ta fama har na fasa farce. Da na ja na ƙarshe ɗakin ya yi duhu, sai zirin haske ta tsagar katako. Inna tana zaune a kujerarta, hannu biyu a kan cinya.

"An rufe?" ta ce.

"An rufe."

"Na ji. Iskar ta daina taɓa mini kunci."

Ƙarfe goma muka ji bas sun tsaya a dandalin coci. Muka ji takun ƙafafu suna gangarowa, da surutu cikin harsuna iri-iri, sai surutun ya yi ta raguwa. Wani ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. Na ji daɗi a raina, ba zan ɓoye ba. Wasu suka ƙwanƙwasa shuɗiyar ƙofar da ƙarfen da ke jikinta, suka jira, suka wuce. Inna ko motsi ba ta yi ba.

Layin ya fara yin shiru ke nan aka buga ƙofar daga ƙasa. Sau biyu, aka dakata, aka ƙara ɗaya.

Inna ta miƙe tsaye. Rabon da in ga ta miƙe ba ta dafa komai ba an fi shekara biyar.

"Da ƙafa ake bugawa," ta ce.

"Zauna, Inna. Ba su da tarbiyya, har shuri suna yi."

"Rozenn, da ƙafa ake bugawa. Haka yake yi in ya dawo da kwandon kifi a hannu biyu. Duba ƙasan ƙofar, fentin ya goge a wurin. Buɗe."

Na je na sa ido a tsagar ƙyauren. Wani tsoho ne tsaye, dogo, ya ɗan ranƙwafa, da shuɗiyar rigar ruwa irin wadda jirgin ke raba musu, lamba bakwai a ƙirjinsa. Kansa fari fat. Ya cire hularsa ya riƙe a gaban ciki da hannu biyu. Ba ya riƙe da waya, ba ya riƙe da na'urar hoto. Ya ɗaga kai ya dubi tagar dama, ya dubi ta hagu, sannan ya juya ya dubi layin gaba ɗaya, daga sama har bakin teku, kowane gida a rufe.

"Wane ne?" Inna ta ce a bayana. "Me kika gani?"

"Wani tsohon baƙo ne, da lamba a ƙirji."

Ban yi ƙarya ba. Na daɗe ina riƙe da wannan, cewa kowace kalma da na faɗa gaskiya ce. Ta laluba ta nufi ƙofa, na riga ta, na dafa sakata da tafin hannuna. Na ce mata cikin raɗa in muka buɗe wa ɗaya sai ɗari sun cika ɗakin, saura minti ashirin kawai, ta yi haƙuri. Ta ɗora hannunta a kan nawa. Hannun ba shi da nauyin komai, ko yaro zai iya ture shi, kuma ba ta ja ba. Ta dai kira, da muryar da ba ta wuce katakon ƙofar ba.

"Goulven?"

A daidai lokacin direba ya danna hon na farko a dandali. Muka ji takun mutum ɗaya yana hawa layin a hankali.

Da bas suka tashi na buɗe tagogin kamar yadda na yi alkawari, na zaunar da ita, na ce zan je in dawo. Ta ƙofar baya na fita. Shekara talatin ina fita ta shuɗiyar ƙofar nan, ranar na bi ta baya, ta cikin kabeji, ban tambayi kaina dalili ba.

A gidan kofin Denez gari ya cika. Ana zuba ruwan tuffa, ana kwaikwayon mai lema yadda ta tsaya tana juye-juye ba ta san abin da za ta nuna ba. Denez ya ce, "Ga sarauniyar yaƙi nan! A ba ta kujera!" Na zauna, na sha, na yi dariya fiye da kowa. Har Abgrall ya zo ya ce shi dama tun farko yana tare da mu.

Sha biyu ta wuce da kaɗan surutun ya yanke daga bakin ƙofa ya biyo ciki. Inna Soazig ce tsaye, da silifas na cikin gida, ba mayafi, ta bi bango da hannu tun daga gidanta. Gwiwarta ɗaya ta ƙuje. A hannunta akwai takarda.

"Na fito in ji iska," ta ce, "ƙafata ta taɓa dutse a bakin ƙofa. Ba ni na ajiye dutse a nan ba. Wannan ce a ƙarƙashinsa. Wa zai karanta mini?"

Ba wanda ya motsa, sai ni na tashi na karɓa. Tikitin yawon ne, mai hoton ƙauyenmu, an yi rubutu a baya da biro. Na so in ƙirƙiro wani abu, amma Denez yana kallo ta kafaɗata. Na karanta.

"Mama, na ga tagogin. Na gane. Na ji motsi a ciki, na san kina raye, wannan ya ishe ni. Ki yafe mini da na tayar wa gari da hankali. Ba zan ƙara ba. Goulven."

Wani kofi ya faɗi ya fashe. Inna ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Ƙarfe nawa jirgin zai tashi?"

Na kira Yvon, ɗan ƙanen uwata, shi ke tuƙa bas mai lamba bakwai. Ya ɗauka yana tauna.

"Yaya Rozenn, kun kashe mu yau! Mai lema kuka kawai ba ta yi ba."

"Rufe mini baki. Tsohon nan mai farin kai, dogo, yana ina?"

"Wanda ya zauna a bayana? Na sauke su tun ɗazu, sun shige. Mutumin kirki. Maganarsa irin ta Kanada, amma tun daga kan tudu yake kiran duwatsun mashiga da sunayensu na gargajiya, har wanda ni ban sani ba. Da za mu shiga gari ya gyara wuyan riga ya tambaye ni ko gashinsa ya kwanta. Shi ya fara dawowa mota, bai ƙara cewa uffan ba. Ke, lafiya?"

"Yaushe za su tashi?"

"Ɗaya daidai. Waɗannan ko uwar kyaftin ce ta makara ba sa jira."

Denez ya ɗauki Inna cak ya sa a motata. Daga Porz-Ilis zuwa Brest minti arba'in ne in hanya ta yi kyau. Ranar wata tarakta ta shiga gabana da lodin farin kabeji, na yi ta hon ina zagin mutumin da kakanninsa. Inna ta riƙe tikitin da hannu biyu, bakinta na motsi. Na ɗauka addu'a take yi, sai na ji ashe maganar take maimaitawa don kada ta ruɗe in ta gan shi: babanka ne ya ce a bi ta nan, babanka ne ya ce a bi ta nan.

Mun isa ƙofar tasha ƙarfe ɗaya da minti shida. An janye matakala, an kwance igiyoyi. Tsakanin jirgin da gaɓa bai fi faɗin layinmu ba, amma ruwa ne. Tsawonsa ya fi cocinmu sau uku, tagogi jere bisa jere, ba ka san wadda za ka kalla ba. Mai gadin ƙofa yaron kirki ne, ya saurare ni har ƙarshe, ya rubuta sunan, ya ce zai aika saƙo, amma ba mai iya tsayar da jirgi. Na tsaya a jikin shingen waya na yi ta ƙwala sunan Goulven har muryata ta dushe. Wasu a saman jirgin suka ɗaga mini hannu suna murmushi.

"Ya tafi?" Inna ta tambaya daga cikin mota.

"Ya tafi."

"In ya fita mashigin Brest dole ya wuce ta gaban tudunmu. Mai da ni gida."

Na kira Denez na ce a buɗe komai. Da muka iso babu taga ɗaya a rufe a Porz-Ilis, har ta ɗakin ajiye gawa da ta soron ofishin magajin gari. Mata sun shanya fararen zannuwa a kan katangar coci kamar yadda iyayenmu ke yi wa masunta su gane gida. Mutane sun tsaya nesa da mu. Na kai ta bakin katangar na tsaya kusa da ita.

Jirgin ya fito wajen ƙarfe biyu da rabi, can nesa, fari, ana yayyafi tsakaninmu da shi. Daga can ko cocin da ƙyar za a gani, balle taga.

"Ya fito?"

"Ya fito, Inna."

"Zai iya ganin gidan?"

"Zai gani."

"Kada ki yi mini haka, 'yar nan. Matar masunci ce ni, na san inda manyan jirage ke bi."

Ta juya fuskarta wajen teku, iska na kaɗa gashinta. Can ta ce, ba tare da ta ɗaga murya ba:

"Kin ga hannunsa."

Na buɗe baki in ce duhu ne, tsagar ƙarama ce, hula ta rufe.

"Na ji numfashinki ya tsaya lokacin da kika leƙa," ta ce. "Makaho ba ya rasa irin wannan."

Na gani. Hular tana hannunsa biyu, kuma a hagun yatsu uku ne. Na gani tun kafin ta tambaye ni wane ne, kuma abin da ya zo mini a rai ba tsohuwar da ke bayana ba ce, babana ne, da rigarsa da aka tsinta bayan kwana tara. Na yi zaton na daɗe da binne wannan. Ashe shekara talatin ina dafa wa uwarsa kofi da abin a cikina.

Na ce, "Na gani, Inna." Na zauna a kan jiƙaƙƙiyar ciyawa na fashe da kuka a gaban gari duka, ni da ko a jana'izar uwata ban yi ba. Na jira ta tsine mini, kuma da ta yi da na ji sauƙi. Sai na ji hannunta yana lalube har ya sami kaina.

"Ni ma sau ɗaya na rufe," ta ce. "Tashi, ƙasa da sanyi."

Mun rubuta wa masu jirgin wasiƙa uku. Sun amsa da ladabi cewa ba sa ba da adireshin fasinja, amma sun tura saƙon. Ko ya isa, ko ya isa bai buɗe ba, ban sani ba. Abgrall ya nema ta ofis, jikar Denez ta nema ta waya, ba a sami komai ba. Washegarin waccan Talatar Inna ta sa Yvon ya kwance ƙyauren tagogin gaba ɗaya ya jingine su a bayan gida. Duk Talata da Juma'a kuma tana zaune a bakin shuɗiyar ƙofa, ana ɗaukarta hoto, tana sauraren ƙafafu, har jirage suka daina zuwa da shigowar sanyi.

A watan Nuwamba ta kwanta. Ana saura kwana biyu ta rasu na kai mata kofi da safe, ta kasa sha, ta riƙe mini wuyan hannu.

"Ke za ki gaya masa."

"Inna, ni? Ni da na…"

"Ke, 'yar Jakez. In ni na faɗa zai ce uwa ce. Daga bakinki zai yarda. Maimaita in ji."

Na maimaita. Babanka ne ya ce a bi ta nan. Uwarka ta buɗe tagar kafin a ƙirga goma, kuma ba ta sake rufewa ba. Ranar Talata ni ce na rufe, ni ce na dafe sakata. Ta ce in ƙara faɗa, na ƙara, sannan ta sake ni.

Ranar da aka wuce da gawarta ba gidan da ya rufe taga. Ba a yi taro a kai ba, ba wanda ya ba da umarni. Sabon limamin coci ya tambaye ni ko al'adar ta mutu ne, na ce masa ya ci gaba da tafiya.

Makullin gidan yana hannuna. Jirage sun dawo da bazara, bas huɗu, Talata da Juma'a, ƙarfe goma. Nakan fito da kujerarta in zauna a bakin ƙofa. Suna tsinke fure, suna leƙa ɗaki, suna tambayata da hannu ko za su ɗauke ni hoto, in gyaɗa kai. Denez ya ce duk duniya ba a taɓa buga kati da fuska mai tsami irin tawa ba. Na san ya rubuta cewa ba zai ƙara zuwa ba, ni na karanta da bakina. Duk da haka in tsoho ya gangaro layin shi kaɗai, ba na kallon fuskarsa tukuna, hannun hagu nake fara dubawa.